Ƙazamin Ruwan Gari da Tamowar Yara: Darasi daga Gulbin Maraɗi

An shirya wannan darasi dominku, ma'aikatan sa-kai na unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin uwaye mata, da masu unguwanni, da duk wanda ke taimakawa wajen yaƙi da tamowa a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa. Ku karanta shi a natse, sannan ku tattauna shi da jama'arku.

1. Yaron da yake komowa

Da yawa daga cikinku kun san irin wannan yaro. Kun auna damtsensa da ma'aunin nan mai launi uku, ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115. Kun tura uwarsa gidan likita na CSI, aka sa shi cikin shirin CRENAS, aka riƙa ba shi abincin gyaɗa na magani mako-mako. Uwar ta yi iya ƙoƙarinta, ba ta raba abincin da sauran yara ba, yaron ya murmure aka sallame shi. Bayan wata biyu ko uku sai ga shi ya komo, ga zawo, ga rama.

In haka ta faru, kada ku yi saurin ɗora wa uwa laifi. Ku tambayi inda yaron yake rarrafe, da ruwan da yake sha, da abin da ke kwance a ƙofar gidansu. Sau da yawa can amsar take. Abincin magani yana cika tulu ne, amma in gindin tulun a fashe yake, kowace safiya sai an sake ɗibar ruwa. Ƙazamin ruwan da gari ke zubarwa yana cikin manyan abubuwan da ke fasa wannan gindi.

2. Yadda ƙazanta take cinye abincin yaro

Giram ɗaya na kashin mutum yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta miliyoyi, da ƙwan tsutsar ciki har ɗari. Hanyoyin da suke bi su kai bakin yaro sanannu ne: ruwa, ƙuda, yatsu, ƙasar tsakar gida, da abinci. In sun shiga, ɓarnarsu iri uku ce.

Ta farko, zawo. Yaro mai zawo ba ya son cin abinci, ɗan abin da ya ci kuma yana fita tun jiki bai amfana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa zawo cikin manyan musabbaban tamowa ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, kuma yana kashe yara fiye da 400,000 a duniya kowace shekara. Tamowa ita ma tana raunana garkuwar jiki, sai zawo na gaba ya fi na baya tsanani.

Ta biyu, tsutsar ciki, wadda ke raba abinci da yaro. Wani irinta ma jini yake sha, yaro ya yi fari fat.

Ta uku ba a ganinta da ido. Yaron da kullum yake haɗiyar ƴar ƙazanta, ko da bai yi zawo ba, bangon hanjinsa yana kumbura, ƙananan tsirrai na cikin hanji waɗanda ke tsotsar amfanin abinci su lanƙwashe. Yana ci, amma ba ya tsawo yadda ya kamata.

Akwai wani bincike da ya kamata ku sani. An yi manyan gwaje-gwaje a Bangaladash, Kenya da Zimbabuwe, aka bayyana sakamakonsu a 2018 da 2019. An gina wa gidaje salga, an ba su sabulu da maganin ruwa, amma tsawon yaran bai ƙaru ba idan aka kwatanta da na gidajen da ba a ba wa ba. Masana da yawa sun fahimci cewa tsabtar gida ɗaya ba ta isa ta kare yaro ba muddin unguwarsa tana cikin ƙazanta, domin ƙuda da ruwan sama ba su san katangar kowa ba. Saboda haka maganar ƙazamin ruwa magana ce ta gari baki ɗaya.

3. Garuruwa uku, gulbi ɗaya

Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina a Najeriya, inda aka tare shi da madatsar ruwa ta Jibiya. Yana shigowa Nijar ta yankin Madarunfa, ya bi ta Jiratawa, ya wuce gefen Maraɗi, ya gangara Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Da damina kaɗai yake gudu. Ke nan Jiratawa tana sama, Maraɗi tana tsakiya, Tibiri tana ƙasa. Abin da na sama ya zubar, na ƙasa ke tarba.

Da can Maraɗi a cikin fadama take. Ambaliyar 1945 ce ta rushe tsohon gari, aka tashi aka koma kan tudu. Hawa tudun ya kare gidaje daga gulbi, amma ya bar wani abu: duk ruwan da ya zuba a gari, na sama ne ko na kwata, gangara yake yi zuwa fadama. A fadamar kuwa garake suke, da rijiyoyi, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 267,000 a birnin, kuma tun daga lokacin ƙaruwa yake yi. Gidajen nan, daga Bagalam da Mokoyo har Zariya da Ali Ɗan Sofo, ba a haɗe suke da bututun ƙarƙashin ƙasa mai kwashe ƙazanta ba. Kowane gida da salgarsa da kwataminsa yake dogara.

A garin da ke bakin teku ko babban kogi, ruwa mai yawa yana surka ƙazanta ya tafi da ita. Mu ba mu da wannan. Wata takwas na rani ƙazantar tana taruwa a ramuka da kwatoci da kududdufai, sai ruwan farko na damina ya kwashe ta gaba ɗaya. Wannan kuwa shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, gadajen CRENI suka cika. Kun ga abin da ya faru a 2018, lokacin da kwalara ta ɓulla a gundumar Madarunfa a watan Yuli ta bazu, ta kama mutum fiye da 3,000 a ƙasar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. A 2021 ta komo, ta kama fiye da 5,000.

4. Ruwa iri uku, kada a gama su

Ruwan salga shi ne mafi haɗari, domin shi ke ɗauke da kashi.

Ruwan wanka, wanki da wanke-wanke bai kai shi haɗari ba, amma yana da sabulu da maiƙo, kuma in an wanke tsumman jariri ko an yi wa yaro tsarki a ciki, ya zama ɗan'uwan na farko.

Ruwan sama da tsabtarsa yake sauka. Kwatocin gari dominsa aka gina su. In aka toshe su da leda da shara, ko aka juye musu ruwan salga da dare, sai su zama hanyar raba cuta unguwa-unguwa.

Ƙa'idar farko ta tsabtar gari ita ce kowane ɗaya ya bi hanyarsa.

5. Sarƙa mai zobe huɗu

A gari irin namu, aikin tace ƙazanta sarƙa ce. In zobe ɗaya ya tsinke, sauran ba su da amfani.

Zobe na farko, tsarewa a gida. Salga ta kasance da murfi, ta yi nisan mita 30 aƙalla daga rijiya, gindin raminta kuma ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A fadama, inda ruwa ke kusa, sai a ɗaga salgar bisa dandamali maimakon a zurfafa rami. Ruwan wanka a kai shi kwatami mai murfi wanda aka cika da duwatsu da tsakuwa, ƙasa ta shanye shi.

Zobe na biyu, yashewa. Rami yana cika. Masu yasar salga, da mota suke ko da hannu, aikin lafiyar jama'a suke yi, sun cancanci safar hannu, takalman roba, da mutunci. Haƙa rami a bakin titi a juye laka a ciki al'ada ce da ke mayar da cutar ƙofar gida.

Zobe na uku, ɗauka zuwa wuri guda sananne wanda ma'aikatar magajin gari ta keɓe. In wurin ya yi nisa ƙwarai ko hanyarsa ba ta biyuwa da damina, direba zai juye a kwari mafi kusa. A yi la'akari da wannan tun wajen zaɓen fili.

Zobe na huɗu, tacewa. A nan za mu ɗan daɗe.

6. Yadda rana da ƙasa suke tace ruwa

Manyan biranen Turai suna tace ƙazamin ruwa da injuna masu cin wutar lantarki dare da rana. Ƙaramin gari da wuta ke yanke masa, kayan gyara kuma sai an yi odarsu daga waje, in ya sayi irin wannan, shekara kaɗan zai tsaya. Abin da muke da shi a yalwace shi ne rana da zafi da fili, kuma akwai dabarar da su kaɗai take bukata: tafkunan tacewa, waɗanda ake haƙawa jere, ruwa yana malala daga wannan zuwa wancan.

Kafin tafkuna, lakar da mota ta kawo ana zuba ta a kan gadon busarwa, wato fili mai katanga gajera da aka shimfiɗa wa tsakuwa a ƙasa da rairayi a sama. Ruwan yana tsiyayewa ya bi bututu zuwa tafki, lakar ta tsaya a sama rana ta busar da ita cikin mako biyu zuwa uku da rani. A ƙofar shiga ana sa ragar ƙarfe mai tare leda da tsummoki.

Tafki na farko mai zurfi ne, mita 2 zuwa 5. Ruwa yana yin kwana ɗaya zuwa ƴan kwanaki a cikinsa. Abu mai nauyi yana nutsewa, har da ƙwan tsutsa masu yawa, wasu ƙananan halittu da ba su bukatar iska kuma suna ruɓar da shi a gindi. A zafi irin namu, wannan tafki kaɗai yana rage fiye da rabin dattin. Shi ne mai wari, kuma bayan ƴan shekaru sai an yashe shi.

Tafki na biyu ya fi faɗi, zurfinsa mita 1 zuwa 2. Ruwansa kore ne saboda gansakuka, kuma wannan koren alamar lafiya ce. Gansakuka tana amfani da hasken rana ta saki iskar oksijin. Ƙananan halittu masu cin datti suna shaƙar iskar su cinye dattin. Abin da suka fitar kuma shi ne abincin gansakuka. Ruwa yana yin mako ɗaya zuwa uku a nan.

Tafkuna na ƙarshe marasa zurfi ne, wajen mita ɗaya, domin rana ta ratsa har ƙasa. Aikinsu kashe ƙwayoyin cuta. Hasken rana, da canjin da gansakuka ke yi wa ruwan da tsakar rana, da tsawon kwanaki, su ke gamawa da su. In an haɗa duka, ruwa yana yin kamar mako uku zuwa huɗu kafin ya fita.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a Sahel. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, tashar tafkuna ta Kosodo tana aiki tun 2004, an kuma keɓe filin noma a gefenta domin ruwan da ke fitowa.

7. Fili nawa, kuma a ina?

Ga lissafi na misali. A ɗauka gari mai mutum 20,000, kowa yana amfani da lita 30 a rana, kashi 80 cikin 100 na ruwan kuma yana komawa datti. Lita 480,000 ke nan a rana. In za a riƙe shi kwana 25 a tafkuna masu zurfin mita ɗaya da rabi, ana bukatar fili ƙasa da hekta ɗaya. Da gaɓoɓi da hanyoyi da gadajen busarwa, a ce hekta ɗaya da rabi. In kuwa lakar salga kaɗai za a riƙa kawowa da mota, filin bai kai haka ba. Wannan gona ɗaya ce, amma in ba a keɓe ta yau ba, gobe an yanka ta filaye.

Wajen zaɓen wuri, a kiyaye abu biyar:

- Kada ya kasance inda gulbi ke malala da damina, in ba haka ba ambaliya ɗaya za ta kwashe tafkunan zuwa Tibiri.
- Ƙasar tudu jigawa ce mai shan ruwa, dole a dandaɓe gindin tafki da yumɓu ko a shimfiɗa roba mai kauri, don kada datti ya sauka cikin ruwan rijiyoyi.
- Ya yi nisan ɗaruruwan mita daga gidaje, a kuma lura da iska: da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma.
- A kewaye shi da shinge mai ƙarfi saboda yara da dabbobi.
- A ɗauki mai kula na dindindin da albashi, wanda zai riƙa share raga, yana cire ciyawa da kainuwa daga bakin ruwa don kada sauro ya yi gida. Tashoshi da yawa a Afirka sun mutu ne saboda an yi kuɗin gini, ba a yi na kulawa ba.

8. Daga tafki zuwa garka

A ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu ba, ruwan da aka tace dukiya ce, kuma yana ɗauke da taki. Kun san albarkar noman rani a Jiratawa, inda aka shirya filin ban-ruwa na fiye da hekta 500 tun farkon shekarun 1980, ake noman zogale, albasa, tumatir da sauransu. Irin waɗannan ganyaye su muke roƙon uwaye su sa a kunun yara. Bai kamata abincin da muke yaƙar tamowa da shi ya zama shi ke kawo zawo ba.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada ruwan ban-ruwa ya wuce ƙwan tsutsa ɗaya a lita. Ga mai garka kuwa:

- Ruwan da aka tace ya fi dacewa da itatuwa, ciyawar dabbobi, da abin da ake dafawa.
- A bi da shi ta kwari zuwa gindin shuka, kada a yayyafa bisa ganyen salat ko kabeji.
- A dakatar da shi kwanaki kaɗan kafin a cire amfani, rana ta kashe abin da ya rage.
- Busasshiyar lakar salga a ajiye ta shekara ɗaya zuwa biyu kafin a kai gona, domin ƙwan tsutsa suna da tsawon rai.
- Ruwan tafki, komai kyansa, ba na sha ba ne, ba na wankan yara ba ne.

9. Abin da Tibiri ta koya mana

Ido ba ya gane ruwa mai cuta. A Tibiri, daga tsakiyar shekarun 1980, jama'a sun yi shekaru suna shan ruwan wata rijiyar burtsatse, garau da shi, alhali yana ɗauke da sinadarin fuluwo fiye da kima. Sai da ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙasusuwa da lalatattun haƙora aka gano, wajen ƙarshen shekarun 1990. Wannan sinadari daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya fito, ba daga salga ba, amma darasin ɗaya ne: a auna ruwa a ɗakin bincike, a riƙa maimaitawa, a kuma faɗa wa jama'a sakamakon. Haka za a yi wa ruwan da ke fita daga tafkunan tacewa da na rijiyoyin da ke kusa da su.

10. Abin da ke hannunku tun yau

A gida, ku koya wa uwaye da ubanni:

- Kashin jariri ya fi na babba yawan ƙwayoyin cuta. A zuba shi cikin salga nan take.
- A wanke hannu da sabulu, in babu da toka, bayan kewayawa, bayan yi wa yaro tsarki, kafin girki, da kafin ba yaro abinci.
- Jariri ya sha nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi.
- A sa wa ruwan sha ƙwayar Aquatabs a jira minti 30, ko a tafasa. A rufe tulu, a keɓe masa moɗa.
- A shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma nesa da makwarara da kashin kaji.
- In zawo ya kama yaro, a dama fakiti ɗaya na gishirin zawo cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Yaron da damtsensa ya faɗa ja, ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi likita a ranar, kada a tsaya magani a gida.

A unguwa, ku zagaya tare da mai unguwa ku rubuta inda ruwa ke kwanciya, da salgogin da ke kusa da rijiya, da inda ake juye laka. Ku gwada wannan da sunayen gidajen da yaransu suke komawa CRENAS. In wuraren sun zo ɗaya, kun sami hujja. Ku shirya gayyar yashe kwatoci a watan Mayu, kafin ruwan farko.

A gari, ku kai hujjarku ma'aikatar magajin gari da ma'aikatan tsabta. Tun 1993 Nijar take da dokar tsabtar jama'a, kula da tsabtar gari kuma yana cikin ayyukan da aka ɗora wa ƙananan hukumomi. Ku nemi abu uku: a keɓe filin juye laka da tace ta, a yi wa masu yasar salga rajista, a kuma sa kuɗin kulawa cikin kasafin shekara. Ku nemi goyon bayan sarakuna da limamai, domin maganarsu tana isa inda takarda ba ta kaiwa. Tun da gulbi ɗaya ya haɗa Jiratawa, Maraɗi da Tibiri, ya kyautu wakilan garuruwan uku su zauna tare; hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyin tattaunawa

1. A unguwarku, ina ruwan wanka yake zuwa in ya fita daga gida?
2. In salga ta cika, wa ke yashe ta, kuma ina ake kai lakar?
3. Yara nawa ne cikin waɗanda kuka tura likita bara suka komo da tamowa? Me gidajensu suka yi tarayya a kai?
4. Wane zobe ne ya fi rauni a sarƙar garinku, kuma wa za ku fara samu da maganar a wannan wata?